Wa Zai Fara Taka Gadar Wenuko

Mai girma shugaban wannan taro, ubanmu kuma sarkinmu na gargajiya, Lonko Belarmino Huaiquil. Mai girma shugabar ƙaramar hukuma da tawagarta, waɗanda suka sha jijjigar hanyar dutse tun da sassafe don su iso gare mu. Injiniya da ma'aikatansa. Malamar ɗakin shan magani da malaman makarantar 'ya'yanmu. Dattijon Bakin Titi, surukina Chachay, wato Baba, Nolberto Cheuquepil. Dattijon Tsallake, ƙanin mahaifina Chachay Rosendo Domihual. Iyayena mata da ke zaune a kan buzu sun lulluɓe gwiwoyinsu da bargo. 'Yan'uwana maza da mata na wannan gaɓa da na waccan. Baƙinmu na nesa da na kusa: mari mari, kamar yadda muke gaisuwa da harshenmu, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina kuma gaishe ku ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Audolia Domihual. A Tsallake, can ƙetaren kogi, aka haife ni, a nan Bakin Titi nake aure, kuma ina jin dalilin da ya sa aka ɗora mini wannan magana ke nan, domin duk gefen da na juya akwai mai cewa tasu ce ni, akwai kuma mai cewa ta waɗancan ce. Wasu sun ce ba haka ba ne, an zaɓe ni ne don lasifika ta lalace, an kuma san muryata ba ta neman taimakon kowa. Ko wanne ne, na karɓa.

An umarce ni in yi godiya, kuma zan yi ta da zuciya ɗaya. Mun gode wa ƙaramar hukuma da ta ji kukanmu ba ta toshe kunne ba. Mun gode wa injiniya da mutanensa, waɗanda suka yi wata da watanni a tanti a bakin Kogin Wenuko, iska tana dukansu, suka kafa ƙarfe a inda katako yake a da. Mun gode wa matan da suka riƙa gasa musu gurasa a toka suna kai musu da zafinta. Mun gode wa Don Eladio, direban katafila, wanda kowane hunturu yake baro iyalinsa ya zo ya ture mana dusar ƙanƙara daga kan hanya. Ga gada nan a tsaye da ƙafafunta na siminti da makarinta na ƙarfe, babu mai kallonta ya ce ba a yi aiki ba.

Sai dai ina roƙon baƙinmu su yi mini haƙuri. Da na iso nan da safe, na tarar an hura wuta biyu, an tsire awaki a wuri biyu, mutanen Tsallake na juya nasu a can, mutanen Bakin Titi na juya nasu a nan. Gada ɗaya ake buɗewa, amma wuta biyu aka hura. Tun daga nan na san godiyar da na shirya ba za ta cika ba sai na faɗi abin da ke bayanta. Maganata uku ce, ta ƙarshen kuma ita ta fi mini nauyi.

Ta farko, ina so in tuna mana yadda muke riƙe hanyarmu kafin katafila ta san akwai mu, domin akwai matasa a nan da ba su taɓa gani ba. In an gama tsintar 'ya'yan itacen pewen da muke ci, an sauko da dabbobi daga tuddai, kowane gida ya san yankinsa na hanya. A sare dogayen gora a kakkafa su a gefe, a ɗaura musu jan ƙyalle, domin ranar da dusa ta shafe komai mai doki ya san ina hanya take, ina kwazazzabo yake. In ta sauka, a ɗaura wa shanu gungume su ja su tsaga hanya, gidan gaba ya karɓa daga inda na baya ya tsaya. Gada kuwa ba ta gida ɗaya ba ce, ta gaɓa biyu ce. Ta katako ce a lokacin, ba a barin dusa ta daɗe a kanta, domin rana za ta narkar da ita, sanyi ya daskarar da ita, wata ta sauka a kai, har nauyi ya fi ƙarfin itace. Saboda haka duk safiyar da aka wayi gari da dusa, mahaifina Atilio Domihual, Mai Sama ya ji ƙansa, yakan fito ƙofar gida ya busa ƙaho. Mazan Tsallake su faro daga bakinsu da shebur, mazan Bakin Titi su faro daga nasu, a haɗu a tsakiya. Waɗanda suka makara isowa su ne za su dafa mate, shayinmu na ganye, su kawo gurasa, su kuma sha ba'a har zuwa wata saukar.

Ina yarinya nakan ji su daga gida. Wannan ya ɗaga murya ya ce, "Peñi, ɗan'uwa, shebur ne a hannunka ko cokalin matarka?" Wancan ya ce, "Rufe mana baki, ai gefenku rana ce ta share muku rabi, ku kuna ta huci kamar kun yi wani abu." Haka ake yi har a gama, a zauna a kan katako mai laima, ƙoƙon mate ɗaya yana zagayawa.

Kakanninmu sun ɗora wata doka a kan wannan aiki, kuma duk wanda ke nan ya san ta. Masu gaba ba sa ɗaga shebur a kan gada ɗaya sai sun gaisa hannu da hannu. In kuwa tsakanin gaɓa da gaɓa ne aka ɓata, gefen da ya fara sa ƙafa a kan gada shi ne ya nemi sulhu, ɗaya gefen kuma ba shi da ikon ƙi. Sun san mu, sun san mu mutane ne masu riƙo, shi ya sa suka ɗaure faɗanmu a jikin gada. Duk rigimar da aka yi da rani, hunturu ne zai kashe ta, domin babu wanda zai iya jira. Akwai mai ciki, akwai mara lafiya, akwai buhun gari da ke can ƙetare. Dole wani ya taka, kuma wanda ya taka ɗin ba a ganin ya faɗi, shi ake fara miƙa wa mate.

Ta biyu, ina so in faɗi abin da ya same mu, in faɗe shi a gaban kowa, domin mun daɗe muna faɗarsa a bayan juna. Katafila ta zo, kuma alheri ce, babu mai musu. Amma da zuwanta muka daina saran gora, muka daina ɗaura wa shanu gungume, muka koyi abin da kakanninmu ba su taɓa iyawa ba, wato jira. Ana nan sai maganar kurmin pewen da ke saman tudu ta taso, wasu suka ja wayar shinge suka kewaye shi, wasu suka tsinke ta. Ba zan ce wa ke da gaskiya ba. Yau ba ranar shari'a ba ce, kuma ni duk wanda aka kayar nawa ne aka kayar.

Hunturun bara waccan ya shigo gaba tana nan. Dusa ta sauka irin wadda ke rufe shinge. Mahaifina, da tarinsa da komai, ya fito ya busa ƙaho. Kuma in faɗi gaskiya, kowa ya fito. Babu namijin da ya noƙe a ɗaki. Na Tsallake suka jeru a bakinsu, na Bakin Titi suka jeru a nasu, kowa da sheburinsa a kafaɗa, ni kuma ina bayan mutanen mijina riƙe da buta. Sai aka tsaya ana kallon juna.

Chachay Rosendo ne ya fara magana daga can. Ya ce, "Peñi Nolberto, kun tashi lafiya? Yaya sanyi?"

Surukina ya ce, "Lafiya lau, peñi. Sanyi kam ya zo da gaske. Na ga sheburanku sababbi ne, kada ku bari su yi tsatsa."

Ya ce, "Ai manya muke jira su fara. Ku ne na bakin titi, ku kuka ga duniya."

Surukina ya ce, "A'a, daga wajenku ƙaho ya fito. Wanda ya yi kira ai ba ya tsayawa a baya."

Aka yi dariya a gaɓa biyu. Ina kallo mahaifina ya ɗaga ƙafa zai taka, danginsa suka riƙo bargonsa ta baya. Daga baya aka gaya mini abin da suka ce masa: "Yaya, in ka taka, da sunanmu duka ka taka. Ka ba su kurmin ke nan." Ya ce musu, "Ni gada nake gani a gabana, ba kurmi ba." Amma mahaifina mutum ne da bai taɓa tsallake maganar danginsa ba, sai ya mayar da ƙafarsa. Can wani, ban san ko daga wane gefe ba, ya ce, "Ku bari kawai, katafila za ta zo." Wannan kalma ta kwance wa kowa wuya, aka juya aka koma gida da shebur a bushe.

Jama'a, wa a cikinmu bai san katafila ba ta taɓa hawa waccan gadar ba? Wa bai san katakon ba zai ɗauke ta ba? Mun sani, dukanmu mun sani. Ta zo kamar yadda ta saba, ta share hanya har bakin gada, ta juya. Dusa ta sake sauka, mahaifina ya sake busa ƙaho, waɗanda suka fito ba su kai rabin na farko ba. A sauka ta gaba muryar ƙahon ma da ƙyar ta ƙetaro ruwa, kuma babu wanda ya fito. Wata ranar da yamma muka ji ƙara har cikin makaranta, gada ta karye a tsakiya, daidai inda ake zama shan mate. Babu kowa a kanta, aka ce an auna arziki, ba a yi asarar rai ba.

Ba a yi ba a ranar. Tarin mahaifina ya sauka masa a ƙirji. Malamar ɗakin shan magani tana nan zaune, ta shaida. Ta zo bakin kogi da jakarta, ruwa yana gudu da guntayen ƙanƙara, doki ya ƙi shiga, hazo ya hana jirgin sama sauka. Muka ƙulla ƙwayoyin magani a cikin safa tare da dutse muka jefa, na farko ya faɗa ruwa, na biyu ya isa. Amma abin da yake buƙata hannun mai magani ne da gadon asibiti, waɗannan kuwa ba a jefa su. Haka ya cika a ɗakinsa, ina jiyo kukan mata daga wannan gaɓar.

Maƙabartarmu a wannan gefen take. A nan mahaifinsa yake, a nan mahaifiyarsa take, a nan duk wani Domihual da duk wani Cheuquepil ke kwance kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar gabas, ba ruwansu da kurmi. Akwatin mahaifina bai sami hanyar ƙetarowa ba. Da sheburan nan da aka ƙi ɗagawa a kan gada aka haƙa masa kabari a bayan ɗakinsa, kusa da gonar dankali. Ni 'yarsa, a bakin ruwa na tsaya na kalli jana'izarsa daga nesa, mutane baƙaƙe ƙanana a kan farin fili, ba na jin abin da ake faɗa. Ban san an fara zuba ƙasa ba sai da na ga mahaifiyata ta zauna a dusa. Zan kuma faɗi wannan don kada in ci amanar kowa: surukina Chachay Nolberto yana tsaye a gefena tun daga farko har ƙarshe, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa. Chachay Rosendo kuwa, an ce shi ya sauka cikin ramin ya karɓi yayansa, sai da aka janyo shi ya fito.

Na ɗauka wannan mutuwa za ta ishe mu. Wallahi na ɗauka za ta ishe mu. Sai ga shi na can suna cewa da na nan sun taka da bai mutu ba, na nan suna cewa da na can sun sake shi ya taka da bai mutu ba. Muka ɗauki gawarsa muka ƙara a kan kurmi. Hunturun bara muka yi shi babu gada, gidaje da dama na Tsallake suka kwashe suka koma gari, hayaƙin da nake ƙirgawa daga tagata da safe ya ragu. Wannan gada da muke buɗewa, baƙi ne suka gina mana ita daga farko har ƙarshe, domin babu yadda za a yi a tara mazanmu a kan aiki ɗaya. Ina baƙin cikin faɗar haka a gaban shugabar ƙaramar hukuma, amma ita ma ta sani.

Ta uku. Na ji ana cewa yanzu magana ta ƙare, ƙarfe ba ya karyewa. Gaskiya ne ba zai karye ba. Amma injiniya yana nan, Don Eladio yana nan, ku tambaye su. Katafila daga babban titi take farawa, mu ne a ƙarshen layi, kafin ta iso mu an yi kwanaki. A cikin kwanakin nan dusar da ke kan gada za ta zama ƙanƙara, kuma ƙanƙara a kan ƙarfe ta fi ta kan katako santsi. Doki ba zai taka ba, motar asibiti ba za ta hau ba. Gada za ta kasance a tsaye, kyakkyawa, mu kuma muna gaɓa biyu kamar yadda muke. Ashe shebur na nan, doka na nan, gaba na nan. Ƙaho ne kawai ke rataye a bango babu mai busa shi.

Ga mahaifiyata can, Papay Clorinda, a wutar Tsallake, mai koren kallabi. Ta haura tamanin, ciwon sukari na cinta, gwiwoyinta sun ƙi. Malamar magani ba ta yin mako ba ta duba ta ba. A farkon watan nan na ƙetara na same ta tana ɓare 'ya'yan pewen, na ce, "Ñuke, uwata, ki dawo wajena kafin Yuni, kafin dusa ta sauka. Ɗaki na nan, murhu na nan, jikokinki na nan."

Ta ce, "In na tafi wa zai share wa mahaifinki dusa? An hana shi kwanciya cikin danginsa, ni ma in bar shi?"

Na ce, "To in ciwo ya kayar da ke gada ta daskare fa?"

Ta ce, "Ba za ta daskare ba."

Na ce, "Wa zai share ta? Su Chachay Rosendo?"

Ta yi wata 'yar dariya, ta ce in duba bayan ƙofa. Na duba, sai ga sheburin mahaifina a jingine, an yanke ƙotarsa, yankan sabo fil, garin katakon ma yana ƙasa. Ta ce, "Ya yi mini tsawo, na rage shi daidai ni."

Na ce, "Ñuke, mata ba sa hawa gada da shebur."

Ta ce, "Maza ma ai na ga ba sa hawa."

Na ce, "Za a ce Tsallake ta nemi sulhu."

Ta ce, "A ce mana. Masu girman da za su tsare su je su tsare abinsu. Ni nawa girman yana bayan ɗaki, kusa da dankali."

Na lallashe ta, na yi mata kuka, na ce zan ɓoye sheburin, ta ce to da kwanon kwashe toka za ta fita. Kun san ta, ba yau kuka san ta ba. Abin da ta ce za ta yi, za ta yi shi.

Saboda haka ina sanar da wannan taro, a gaban Lonko, a gaban hukuma, a gaban baƙi, don kada wani ya ce bai ji ba. Safiyar farko da dusa za ta sauka a bana ba za ku ji ƙaho ba, domin mahaifiyata ba ta da numfashin busa shi. Amma za ta fito. Tsohuwa mai sanda a hannu ɗaya da shebur a ɗaya za ta hau ƙarfe mai santsi, kogi yana gudu a ƙarƙashinta. Ni kuma zan faro daga wannan bakin, ko an yarda ko ba a yarda ba, domin ba zan sake tsayawa a gaɓa ina kallon nawa daga nesa ba.

Chachay Nolberto, ubana na aure. Chachay Rosendo, ubana na jini. Ban tambaye ku kurmi ba, ku riƙe maganarsa har ranar da kuka ga dama. Ban ce ku haɗa wutarku yau don baƙi su gani ba. Abu ɗaya nake gaya muku, ku da 'ya'yanku maza da kuke sauraro kai a sunkuye: mahaifiyata a hankali take tafiya. Daga ƙofarta zuwa bakin gada sai ta tsaya ta huta, ta sake tsayawa ta huta. Duk namijin da yake so, daga wannan gaɓa ko daga waccan, zai riga ta isa.

Ina roƙon Ngenechen, Mai Sama, ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan gada da alheri. Ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya kafin hanya ta rufe. Ya ƙara wa Lonko haƙuri da mu. Ya ji ƙan waɗanda ke kwance a maƙabarta, ya ji ƙan wanda ke kwance shi kaɗai. Ya sassauta mana hunturun bana, ya sassauta zukatanmu fiye da hunturun. In kuwa mun ƙi, in safiyar ta zo babu wanda ya riga ta, to ya riƙe ƙafar mahaifiyata har ta iso tsakiya.

Na gode.